Farar Ƙasa a Kan Tsaga

Laifin da zan ba da labarinsa ba ya kai mutum gaban alƙali. Ba a ɗaure kowa a kansa, ba a ma hana mai shi kujerar gaba a wurin taro. Sunansa rufa-rufa. Ka ga abu ya ruɓe, maimakon ka gyara, sai ka nemo abin da za ka shafa a kai, ka ja da baya, ka riƙe ƙugu, ka ce, "Kai, ya yi kyau!" Masu yin sa sun raɗa masa suna mai daɗin ji. Wai rufin asiri.

A layinmu akwai wani mai shagon kayan gini. Siminti, kwanon rufi, ƙusa, bututun ruwa, fenti, babu abin da ba ya sayarwa. A bayan idonsa Tsaf-tsaf ake ce masa, domin ba a taɓa ganin ɗigon datti a farar rigarsa ba. A gaban idonsa kuwa Shugaba, tunda shi ne shugaban ƙungiyar masu gidaje ta unguwar. In ya miƙe zai yi jawabi a kan tsafta da zumunci, har masu gyangyaɗi farkawa suke yi su tafa. Gidansa ya fi kowane gida fari a layin. Da rana tsaka in ka dube shi sai ka kare ido da hannu.

A can ƙuryar gidan, bayan kicin, akwai wani ɗaki da ya haɗa bango da banɗaki, tankin ruwa kuma yana zaune a kan rufinsa. Nan yayarsa take. Uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi. Da mijinta ya rasu, idonta kuma ya yi rauni ta daina ɗinkin da take ci da shi, sai ya ɗauko ta ya kawo gidansa. Unguwa ta yi ta sa masa albarka. Shi ma bai bari unguwa ta manta ba.

Wata safiya zai fita shago, ta kira shi.

"Auta, zo ka gani. Bangon nan zufa yake yi."

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya tattare gefen rigarsa, bai shiga ba. Daga kusurwar sama wani tabo ya sauko, launin shayin da aka manta a kofi, a tsakiyarsa kuma wata siririyar tsaga.

"Zufa kuma, Yaya? Bango ne ko ɗan dako?"

"Taɓa ka ji. Katifar ma ta fara ɗaukar laima."

"Ai ke kin more. Wasu har na'ura suke saye don su sami irin wannan sanyin. Bari, yau ɗin nan za a gyara."

Ya kuwa cika alkawari irin nasa. Kafin azahar sai ga Mai Burushi, wani mai fenti da ke zama a gefen shagonsa, da bokitin farar ƙasa da tsani. Ya dubi bangon, ya ƙwanƙwasa shi, ya ji yana amsawa kamar ganga, ya kira Shugaba a waya.

"Ranka ya daɗe, a kankare ne ko a shafa?"

"Wanne ya fi sauri?"

"Shafawa."

"To me kake jira?"

Mai Burushi ba ya jiran komai. Ya shafa, ya sake shafawa, yana ta fito da baki. Da zai tafi ya ce wa Yaya, "Mama, ni da bangon nan mun zama 'yan uwa. Za ki riƙa ganina." Ta yi dariya, ta sa masa albarka, ta ɗauka wasa yake yi.

Tabon bai daɗe ba ya dawo, ya kuma zo da 'yan uwansa. Da farko rawaya, sai kore-kore, sai baƙi mai gashi-gashi kamar abin da ke fitowa a kan burodin da ya kwana biyu. Ɗakin ya ɗauki wani wari na tsumman da aka jiƙa aka manta. Yaya ta buɗe akwatinta ta tarar fumfuna ta cinye zannuwanta na fita. Ta shanya su a igiyar tsakar gida. Matar gidan, wadda ta fi son a kira ta Madam, ta fito ta gani, ta riƙe baki.

"Haba Yaya! A nan? In wani ya shigo fa?"

"To ina zan shanya, 'yar nan?"

"Ki rataye a ɗaki mana. Ai ɗaki ma yana busar da kaya."

Daga nan tari ya fara. Ƙarami ne da farko, irin wanda ake rufewa da gefen mayafi. Daga baya ya zama irin wanda ke tanƙwara mutum biyu, ya bar shi yana laluben abin dafawa.

Gidan nan kuwa yana da ɗakin baƙi. Babba, mai taga biyu, rana tana shiga har kan gado. Katifarsa ko ledar kamfani ba a cire mata ba. Baƙo bai taɓa kwana a ciki ba, domin duk baƙon da ya zo, Madam tana ganin bai kai matsayin katifar ba. Ana buɗe ɗakin ne kawai a nuna wa mutane, a sake kullewa.

Yaya ta daɗe tana juya maganar a bakinta kafin ta faɗa.

"Da za a ɗan ba ni aron ɗakin can, kafin damina ta wuce."

Madam ta yi murmushin da take yi wa masu neman rangwame. "Wallahi Yaya da son raina ne, yanzu ma sai ki koma. Amma ɗakin baƙi na baƙi ne. Ke kuwa ai 'yar gida ce. Mu mayar da ke baƙuwa? Mutane su ce me?"

Kun ji girmamawa. An ɗaukaka ta har ta wuce ɗaki mai taga.

Mutum ɗaya ce a gidan abin yake ci wa rai, ita ce babbar 'yar Shugaba, malamar makaranta. Ita ke sayo maganin tari, ita ke fito da katifar rana in iyayen ba sa nan. Wata rana ta hau tsani da kanta ta leƙa, ta ga bututun da ya fito daga tankin ya tsage, ruwa yana bin kwano yana shiga bango. Ta tare uban yana goge takalmi.

"Baba, bututun ne. Sai an sauke tankin, an ɗaga kwanon, an sake filasta."

"A sauke tanki? A gidana?"

"Eh mana."

"Ke da iliminki ba ki da tunani. Ni nake sayar da kwano a unguwar nan. Ni nake sayar da bututu. A ga ma'aikata a kan rufina suna ɓamɓare abin da ya fito daga shagona? Gobe wa zai sayi ko ƙusa a wurina? So kike a ce gidan Shugaba yana yoyo?"

"Ai yana yoyon, Baba."

"Wa ya sani? Ke kika sani, ni na sani. Shi ke nan. Mutum ba shi da abin da ya fi rufin asiri."

"Gwaggo rufin ɗaki take nema."

Ya ɗago ya dube ta. "Wannan bakin kike koya wa 'ya'yan mutane?"

Washegari Mai Burushi ya dawo. Ko waya bai kira ba wannan karon, ya riga ya san amsar.

Abin da ya fi ba ni haushi, Yaya da kanta ta shiga aikin shafe-shafen. Wata maƙwabciya ta shigo gaishe ta, ta zauna a bakin gado, ta ji zaninta ya jiƙe. Ta ɗaga kai ta ga silin ya yi ciki kamar zai haihu.

"Yaya, a nan kike kwana? Kin ga yadda kika rame kuwa?"

"Mura ce, ba komai. Auta yana ƙoƙari. Jiya-jiyan nan ya sa aka yi mini fenti. Wa ke yi wa tsohuwa fenti sau biyu a damina ɗaya?"

Da maƙwabciyar ta fita, Madam ta raka ta har ƙofa da fara'a. Daga ranar, duk wanda ya zo gaida Yaya, barci take yi. Da safe barci, da yamma barci. Mutanen layi suka fara cewa tsohuwar nan ta sami hutu.

Da numfashinta ya fara ƙara kamar ana jan kujera a kan siminti, 'yar gidan ta ɗauke ta a tasi ta kai asibiti ba tare da ta tambayi kowa ba. Likita ya saurari ƙirjin, ya tambayi irin ɗakin da take kwana, ya ce magani ba zai yi komai ba in ta koma cikin laimar nan. Ta dawo ta faɗa wa uban a gaban uwar.

"Likita!" in ji Shugaba. "Ya taɓa shiga gidana? Su ai in ba su sami abin faɗa ba, ba sa jin sun yi aiki. Tsufa ne. Akwai tsohon da ba ya tari?"

"Kuma Yaya ba ta buɗe taga," in ji Madam.

"Fenti ya liƙe tagar, Mama. Ba ta buɗuwa."

"To kin gani. Sauro ma ba zai shiga ba."

Kada a ce Shugaba bai yi komai ba, domin ya yi. Ya sayo turaren fesawa gwangwani guda, mai ƙamshin lemo. Ya kuma ɗauko wani ƙaton hotonsa, wanda aka ɗauka yana karɓar lambar yabo ta gida mafi tsafta, ya ce a rataye a kan tsagar, Yaya ta riƙa ganin ƙaninta tana jin daɗi. Aka buga ƙusa. Ƙusar ta shige bangon kamar an soka ta a sabulu. Hoton bai kai yamma ba ya faɗo, gilashin ya tarwatse a gefen gadonta. Shugaba ya yi baƙin ciki ƙwarai. Ya ce gilashin irin na waje ne.

Yaya ta daina kwanciya. In ta miƙe a katifa, numfashin sai ya sarƙe, kamar an ɗora mata buhu a ƙirji. Sai ta koma zama, ta jingina bayanta da bango, ta miƙe ƙafafu, haka take barcinta, haka take wuni. Bangon da ke kashe ta shi ne kuma matashinta. Abinci ya koma cokali biyu. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa, ta ɗaure shi da zare. Duk da haka, in ta ji takun ƙaninta a tsakar gida, sai ta danne tarin har idonta ya kawo ruwa, kada ransa ya ɓaci kafin ya fita nema.

Ana nan sai aka ce iyayen saurayin 'yar gidan za su zo su ga iyayenta. Mutane ne masu rufin asiri na gaske, uban yana da motocin haya, uwar tana da babban shagon yadi. Shugaba ya rasa inda zai sa kansa. Ana gobe za su zo, Mai Burushi ya iso da bokitai, aka shafe gidan tun daga katangar waje har bayan kicin. Kututturen bishiyar ƙofar gida ma bai tsira ba. Da a ce kyanwar gidan ta tsaya wuri ɗaya, da ita ma ta sha.

"Har ɗakin Mama?" in ji Mai Burushi.

"Musamman shi. Ka yi masa mai kauri. Ba a san inda idon baƙo zai faɗa ba."

"Ranka ya daɗe, hadari nake gani. Ba lallai ya bushe ba."

"Fari nake so, ban ce maka busasshe ba."

Aka yi mai kauri. Yaya tana zaune a kan kujera a tsakiyar ɗakin aka yi, domin an wanke tsakar gida, Madam ba ta son a taka. Farar ƙasa tana da yaji in tana ɗanya, tana shiga ido, tana shiga maƙogwaro. Mai lafiya ma sai ya fita ya sha iska.

Da safiyar ranar Madam ta leƙo, ta sha ado, hannunta a kan hanci.

"Yaya, yau ki huta abinki a ciki. Hayaniya za a yi, kada ta dame ki. Zan ja miki ƙofa."

"Ba zan gaisa da su ba? Ɗiyata ce fa."

"Za ki gaisa mana, wata rana, in kin ji sauƙi. Yanzu in kika fito da tarin nan sai su ɗauka wani abu ne."

Ta ja ƙofar. 'Yar gidan ta so ta yi magana, uwar ta tura ta kicin, ta ce yau ba ranar gardama ba ce, ranarta ce.

Baƙi suka iso bayan azahar, ruwan sama yana biye da su. Aka zaunar da su a falo, aka kawo lemo a kofunan da ba a taɓa sha da su ba. Aka buɗe musu ɗakin baƙi suka gani, suka yaba, aka kulle. Shugaba ya gyara zama ya shiga abin da ya fi iyawa.

"Mu a gidan nan, zumunci shi ne ginshiƙi. Ni ko a ƙungiya kullum ina faɗa, mutumin da bai riƙe nasa ba, kada ka ba shi riƙon naka."

Daga can ciki aka ji tari. Mai tsawo, mai zurfi, har sai da uwar saurayin ta ajiye kofi.

"Wani ba shi da lafiya ne?"

"Maƙwabta ne," in ji Shugaba. "Bangonsu ba shi da kauri. Ba a wurina suka sayi bulo ba." Ya yi dariya, ya ƙara muryar talabijin.

A ɗakin Yaya kuwa, ruwa yana bin bango, ƙofa a rufe, taga a liƙe, yajin farar ƙasa ya cika ko'ina. Ta jingina kamar yadda ta saba, ta yi ta danne tarin saboda Auta yana da baƙi. Ta danne har ta ji iska ta ƙi shiga gaba ɗaya. A nan jiki ya ƙi bin umarnin kunya. Ta dafa bango ta miƙe, ta laluba ƙofa, ta fito tana bin bangon da hannu, tana neman inda iska take. Ƙofar waje kuwa ta falo ake bi.

Uwar saurayin ce ta fara ganinta, ta yi salati da ƙarfi.

Tsohuwa ce tsaye a bakin falo, fara fat. Bayanta fari, ɗankwalinta fari, tafukan hannunta fari, rabin fuskarta da ta kwantar a bango fari, idanu jajaye a tsakiya. Duk inda ta dafa ta bar shaida: yatsu biyar a jikin ƙofa, yatsu biyar a labule, yatsu biyar a bayan kujerar da uban saurayin ke zaune. Bakinta a buɗe, ƙirjin yana ƙara.

"Auta," ta ce. "Iska."

"Wace ce wannan, Shugaba?" in ji uwar saurayin.

Na sha jin mutane suna cewa a irin wannan lokaci mutum ruɗewa yake yi, ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Ƙarya ce. A irin wannan lokaci mutum yana faɗin abin da hannunsa ya saba ne. Shugaba ya ga tabo a falonsa, ya kuwa ɗauko burushi.

"Wata tsohuwa ce da muke taimaka wa," ya ce. "Ba ta da kowa. Kanta ma ba daidai yake sosai ba. Madam, mayar da ita ciki."

Kunnen Yaya lafiyarsa ƙalau. Ta dube shi. Ko tarin ma sai da ya tsaya.

'Yar gidan tana tsaye da faranti a hannu. Ta ajiye shi a ƙasa, a hankali, ta zo ta rungumi tsohuwar, farar ƙasa ta ɓata mata kayan da aka ɗinka don ranar.

"Gwaggona ce," ta ce. "Yayarsa ce, ciki ɗaya. Ita ta goye shi."

"Ke!" in ji Shugaba.

"Kai ɗin dai," in ji uwar saurayin. Ta miƙe. Mace ce mai jiki, in ta miƙe falo yana sani. "'Yata, nuna mini inda take kwana."

Madam ta sha gabanta tana cewa ɗakin ba a gyara ba. Matar ta ratse ta kamar labule. Ta tura ƙofar, warin ya buge ta, ta ja baya, ta sake shiga. Fari ne tas, babu laifi, an yi aiki. Ta sa makullin mota ta kankari bangon kaɗan. Wani ɓawo mai faɗin faranti ya ɓallo ya faɗo, fari a sama, a ƙasansa fari, a ƙasan wannan ma fari, sannan baƙi ƙirin mai yauƙi. A bayansa ga tsagar, ta yi faɗin da hannu zai shiga, ruwa yana gangarowa a cikinta.

Ta ɗauko ɓawon da hannu biyu, ta kawo falo, ta ajiye a kan tebur tsakanin kofunan lemo, baƙin yana sama.

"Shugaba, wannan ma cikin taimakon yake?"

Mai jawabi ya shiga kame-kame. Ya ce laifin mai fenti ne. Ya ce dama gobe-goben nan za a fara gyara. Ya ce Yaya ce da kanta ta zaɓi ɗakin, tana son sanyi. Babu wanda ya tsaya ji. Uban saurayin ya cire babbar rigarsa ya lulluɓa wa tsohuwar, aka sa ta a motarsu, sai asibiti.

An kwantar da ita, an sa mata abin shaƙar iska. Likita ya ce huhun ya riga ya lalace, sai dai a lallaɓa. Shugaba bai zo da wuri ba, sai da ya tattaro mutum biyu daga ƙungiya su raka shi, domin alheri ba ya son a yi shi babu shaida. Ya shigo da farar riga da ledar ayaba, ya tsaya a gefen gado.

"Yaya, sannu. Kin ga yadda aka juya maganata ko? Ai kin san wasa nake yi."

Wata nas tana gyara mata ruwan da ake ƙara mata. Ta ce, "Mama, ɗanki ne wannan?"

Yaya ta janye abin shaƙar daga bakinta. Ta daɗe tana kallonsa, tun daga hula har takalmi. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, amma 'yan ƙungiya sun ji.

"Wani mutum ne da na taɓa taimaka wa."

Ta mayar da abin, ta juya fuska. Bai sake jin muryarta ba. Kafin damina ta ƙare ta rasu, kanta a kan cinyar 'yar ƙaninta.

A wurin ta'aziyya Shugaba ya so ya ɗan yi bayani, cewa ta tafi cikin gata da kulawa. Wani dattijo ya ce masa ya zauna. A tarihin unguwar ba a taɓa ce masa ya zauna ba. Mai Burushi kuwa, da ya ji an ɗora masa laifi, ya zauna a wurin mai shayi ya ba da labarin tun daga bokitin farko, yana kwaikwayon murya: "Wanne ya fi sauri?" Kafin mako ya zagayo, yara ma sun iya.

To, bari in ƙirga masa abin da ya yi asara, tunda shi bai iya ƙirga irin wannan ba.

Na ɗaya, yayarsa. Ba a sayar da irinta a shago.

Na biyu, 'yarsa. Iyayen saurayin mutanen kirki ne, ba su fasa ba, sun ce yarinyar da ta ɓata kayanta don gwaggonta ita suke nema. An yi auren, tana gidanta lafiya. Tana aiko wa uwarta gaisuwa. Ƙafarta ba ta sake taka gidan ba.

Na uku, ginin. Bangon da aka hana gyara ya gaji da jira. Wata rana da hantsi tankin ya rufto ta cikin kwano, ya tafi da ɗakin, da banɗaki, da rabin kicin. Ma'aikatan da ya ƙi a gani a kan rufinsa na yini ɗaya suka yi makonni a kai, duk layin yana kallo, masu wucewa suna tambaya ko kwanon na shagonsa ne.

Na huɗu, kujerar. Ƙungiya ba ta kore shi ba. An yi zaɓe ne kawai, ya sami ƙuri'a ɗaya, kowa kuma ya san hannun da ya jefa ta.

Na biyar, ciniki. Har yanzu ana shiga shagonsa jefi-jefi, amma duk wanda ya ɗauki abu sai ya sa farce ya kankara ya ga abin da ke ƙasa, a gabansa, ba kunya.

Na ƙarshe, maganarsa. Ko gaskiya ya faɗa yanzu, sai an leƙa waje an tabbatar. Kwanan baya ya tashi da ciwo a ƙirji, na gaske, ya dafa kujera ya ce wa Madam numfashinsa ba ya fita daidai, a kai shi asibiti. Tana gaban madubi tana ɗaura ɗankwali, ƙawayenta za su zo. Ta waiwayo ta dube shi sama da ƙasa.

"Ni dai ban ga komai ba," ta ce. "Je ka wanke fuska ka canza riga. In sun tafi ma gani."